Mai Neman Numfashi a Kasuwa

Wauta ce, na sani, kuma ban ga alamar dainawa ba. Tsoho kamar ni, gwiwa na ƙara, ina bin garejin Madawa ɗaya-ɗaya neman kayan wani moto, wato babur, da ya girmi makaniken da ke yi mini dariya. Sabbi sun ƙare a duniya. Sai wanda aka ciro daga gawar wani moton, aka kankare tsatsa, aka rantse mini ya koma sabo. Ni kuwa na yi wa yayana Dari alkawari: bisa moton nan zan ɗauko shi daga Garhanga ya sake ganin garinmu. Ƙafa ta ƙi shi, ya ce mota ba zai shiga ba, ni yake jira.

A garinmu Karofane cutar son moto ta kama mu, ni da Dari, shekarun babban yaƙin Nasara. Wani anasara ya ratsa gari bisa moto, muka bi shi da gudu har na bar bantena jikin ƙaya. Bayan tuwo Kaka ta hura wuta a karan dawa, ta ce tunda ƙarfe ya cinye mana hankali, tatsuniyar doki za ta ba mu.

Wai wani ne dokinsa ya mutu, ya ƙi yarda. Ya shiga bin kasuwanni: ƙafa a Bangi, kunne a Buza, wutsiya wurin wani baduku. Ya ɗinke su tsaf da jijiya, ya ɗaura sirdi. Sai ya koma yana tambayar rumfar masu saida numfashi.

Na ce, "To mi anka yi, Kaka?"

"Ba a yi komi ba, ɗan nema. Yana can kasuwa har yanzu. Ku tashi ku kwana."

Muka yi ta dariyar wawan, ni na fi kowa. A lokacin na ɗauka bai san dokin ya mutu ba ne. Yanzu na gane ya sani sarai. Gida ne ba ya son komawa ya tarar da turke wayam.

Na sa buji, sarƙa ta tsinke. Na sami sarƙa, karbireto ya toshe. Ana haka, bara da kaka, Dari ya rasu.

Duk da haka ranar kasuwa na koma neman fistan. Makaniken ya miƙo mini, bai yi dariya ba wannan karon.

Ya ce, "Baba, in ya tashi, wa za ka ɗauko?"