Kunnen Bakanike

A gareji Mai Kunne ake ce masa, don daga ƙarar inji yake gane ciwon mota. Da tsufa ya zo, kunnen ne ya fara tafiya, ya koma gida ya zauna.

Ranar nan 'yarsa ta kawo tsadaddiyar motarta, wai tana kwaramniya da safe. A tsakar gida ya kwance gaban injin, ya canza ƙarafan da ke tamke sarƙar taimin, wadda ke daidaita bugun inji. Ta tayar da motar, ya sunkuya ya kara kunne. Ko tashin injin bai ji ba.

"Ta daina?" ya tambaye ta.

"Ta daina, Baba."

Da ta tafi, ya aika wa maƙwabcinsa akwatin kayan aikinsa, ya ce ba aro ba ne.