Hanci da Jan Katako

Mutane da yawa suna da wani raunin tunani: duk abin da ya yi musu ƙamshi sai su ɗauka ba ya cutarwa. Wannan kuskure ne, domin hanci yana sanin daɗi, amma bai san lafiya ba.

A wata masana'antar yanka katako an yi wani ma'aikaci da ake kira Hanci. Aikinsa tantance al'ul, wani jan katako mai ƙamshi na itace mai ganye kamar allura. Yakan dumbuzi garin da zarto ya zubar, ya shaƙa, ya faɗi ko katakon ya bushe. Da aka raba wa ma'aikata takunkumin rufe hanci, nasa a wuya ya rataye shi.

"Baba Hanci, rufe shagon nan mana," in ji mai kula da injin yanka, yana nuna masa hancinsa.

"In rufe, kai za ka shinshina min? Kai da ko ƙonewar injinka ba ka ji!"

Tari ya fara kama shi, amma ba a wurin aiki ba, sai da yamma bayan ya koma gida. Saboda haka ya yanke hukunci cewa laifin gidan ne. Ya zargi hayaƙin girkin matarsa, ya sa ta fitar da murhu waje. Ya kori kyanwar 'yarsa. Hujjar tasa ta yi kama da hankali, kuma irin wannan hujja ta fi wauta haɗari.

Da numfashi ya fara yi masa fito, matar ta ja shi asibiti. Likita ta bayyana masa cewa a cikin jan katakon akwai wani sinadari mai narkewa a ruwa, huhun mutum kuwa kullum a jiƙe yake. Garin yakan narke a ciki, kumburin huhu ya biyo baya da jinkiri, shi ya sa tarin sai da yamma. Ta ce ya bar aikin.

"Likita, in na bari, ni wane ne?"

"Mai numfashi," ta ce.

"Malam, ka ji dai," in ji matar. "Ashe ba tukunyata ba ce."

Bai bari ba. Ya yarda da takunkumi, amma yakan zare shi duk lokacin da aka kawo sabon katako, wato lokacin da ya fi buƙatarsa.

Daga baya ƙafa ta kasa kai shi ƙofar masana'antar ba tare da hutu ba, aka sallame shi, aka sayo na'urar auna danshi. Ya ƙare rayuwarsa a zaune, jingine da bango, domin kwanciya tana shaƙe shi. A haka matarsa ta same shi wata safiya, ya cika.