Ranar da Na Nemi a Ce Mini Baƙo

Furfura ta fara cin gemuna ban taɓa jefa ƙuri'a ba. Ba lalaci ba ne. An haife ni a wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, a ƙasar Nijar. Na tsallako ina saurayi don koyar da Faransanci a wata sakandare a Birnin Kebbi, na yi aure a Argungu, na gina gida a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi. A nan ni ba ɗan ƙasa ba ne, saboda haka ba ni da ƙuri'a. A can ina da ita, amma ba na can. Ranar zaɓe matata takan dawo da tawada a babban yatsa, ta tambaye ni ko na ba awaki ruwa. Ni da na sha karanta tarihin yadda talakawa suka ƙwaci 'yancinsu, rabona a mulkin jama'a ke nan.

Wata shekara sai labari ya zo cewa ƙasarmu ta aiko ma'aikata su yi wa mazauna waje rajistar zaɓe. Sun kafa teburinsu a tsakar gidan wani attajirin albasa, ɗan ƙasarmu. Jarrabawar ɗalibai ta riƙe ni, ban samu zuwa ba sai ranar ƙarshe, bayan azahar. Na dai je da babbar riga, kamar mai zuwa karɓar gado.

Ma'aikaciyar, wata matashiya mai tabarau, ta juya tsohon katina na ɗan ƙasa. Wa'adinsa ya ƙare tun ba a yaye ta ba, hoton kuma na wani siririn yaro ne mai suma, wanda ni kaina sai da na yi masa kallon sani. Na zuba mata Faransanci mai kyau. Ta ce malaman Faransanci na Najeriya ma haka suke yi. Na nuna mata tsagenmu na Arawa da ke fuskata, ta ce Arawa suna nan, suna can, iyaka ba ta raba su da aska ba. Gaskiyarta. Abin da doka ta ce shi ne shaidu biyu waɗanda suka san asalina.

Na farko bai yi wuya ba: mai gidan da kansa ya san mahaifina. Sauran da ke wurin kuwa samari ne, masu shayi da 'yan kabu-kabu, waɗanda suka san ni a matsayin Malamin Badariya kawai. Da ta ga rana tana yi, sai ta sassauta: kowane baligi da ya san dangina ya isa, ko da ɗan Najeriya ne, in dai zai faɗa a fili.

Na yi murmushi, domin a daidai lokacin ƙanin matata yana gidana. Manomi ne kuma masunci, ya zo daga Argungu ya kawo wa yayarsa shinkafa. Na buga masa waya, ya iso a kan babur.

"Alhaji, ka san mutumin nan?" in ji ma'aikaciyar.

"In san shi? Mijin yayata na. Ɗiyanai ɗiyana na."

"Baƙo ne a ƙasar nan?"

Sai fuskarsa ta canja. "Baƙo? Subhanallahi! Wa yac ce? Wanga namu na. Bakabe na tun daga hula har takalmi. Ki rubuta, ni nic ce."

Ta ajiye alƙalami.

Laifina ne, da ban yi masa bayani ba. A gidan surukaina, mutumin da aka ba 'ya, aka raɗa wa 'ya'yansa suna a zaurensu, ba a ce masa baƙo a gaban mutane. Yin haka zagin 'yar ne. Na ja shi gefe na warware masa komai, dalla-dalla, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

"Na gane, Malam," in ji shi. "Amma bakina bai iya hwaɗin haka. In yaya taj ji fa?"

Na duba, an fara naɗe wayoyin na'ura. Ban tsorata ba, don na san mutumina. Tsakanin miji da ƙannen matarsa akwai wasa, kuma a wasa babu abin da ba a faɗa. Na koma gaban teburi na ɗaga murya.

"Ki yi haƙuri, 'yata, ni na yi wauta da na kawo mutumin Argungu shaida. Mutanen da za su wuni a ruwa da gora, su fito da tarwaɗa kamar ɗan yatsa, a kira makaɗa. Shinkafar da ya kawo yau ma, rabinta tsakuwa ce."

"Kai!" Har hularsa ta karkace. "Kai ka hwaɗin haka? Kai da kaz zo muna daga tudu, ba ka taɓa ganin ruwan da yaf fi na randa ba? Hajiya, tambaye shi ranar ɗaurin aure! Baffanninai sunka taso tun daga ƙauyensu na bayan Dogon Dutsi, munka sa su jirgi za mu ƙetare gulbi, babbansu yar riƙe min ƙahwa yana salati har gaci. Anka kawo kihi, sunka tauna shi da ƙaya, suna hawaye suna godiya!"

Ya faɗi sunan ƙauyen, da na mahaifina, da na baffan da ya yi salatin, har da na limamin da ya rako su. Samari suna ta tuntsira dariya, mai gida yana gyaɗa kai yana cewa ƙwarai ya san baffan nan, har ya rasu bai sake shiga jirgi ba. Ma'aikaciyar tana rubutu, kafaɗunta suna rawa.

"Ya isa, Alhaji."

"Bai isa ba! Tausai munka ji munka ba shi mace!"

Aka zaunar da ni, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, sunana ya shiga cikin masu zaɓen ƙasar da na baro tun ban fara aske gemu ba. Ma'aikaciyar ta ce a duk zagayen da suka yi ba ta ji shaida mai ƙarfin wannan ba.

A hanyar gida ƙanin matata ya goya ni a babur har muka shiga Badariya. Nan ya rage gudu, ya waiwayo kaɗan.

"Malam, don Allah, kak ka hwaɗa ma yaya."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Kafin ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki na gama ba ta labari.