Bangon Zauren Kawu

Jiya na je Ɗanzomo, na tarar an shafe bangon zauren marigayi Kawu da siminti. Ɗansa ya ce, "Yaya, ai biki za a yi."

A bangon nan Kawu ya zana ƙauyenmu lokacin sanyi: dattawa sun kewaye wutar kara, duk sun juya mana baya. Ranar da yake zanen, hannunsa duk shuni da jar ƙasa, na ce, "Kawu, ina fuskokinsu?"

Ya ce, "Da sanyin nan wa zai bar wuta ya kalle ka?"

Kowannenmu na da waya, amma ko hoto ba wanda ya ɗauka, har da ni. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe mana sakacinmu.