Sunan da Ke Ƙofar Gidan Domithilde

Shekara arba'in Ozélie Robichaud ta yi tana ɓare ƙaguwa a masana'antar bakin teku, har yatsunta suka lanƙwashe. Ba ta yi aure ba, kuma wanda ya tambaye ta dalili ya sha baƙar magana. Abu ɗaya take taƙama da shi a duniya: gidan katakon da uwarsu Domithilde ta raine su su tara, ita kaɗai, bayan ubansu Placide ya tafi Amurka aikin masaƙa ya manta hanyar gida.

Da masu wani ƙauyen tarihi, inda ma'aikata ke kwaikwayon rayuwar mutanen dā don baƙi, suka nemi gidan don su jera shi cikin tsofaffin gidajen ƙabilarsu ta Akadiyawa, Rhéal, ɗan ƙaninta, ne ya kawo takarda. Aiki yake nema a wurin, kowa ya sani.

"Sharaɗina ɗaya," in ji ta. "Sunan Mama za a rubuta a ƙofa."

"Haba Gwaggo! In ba sunanta ba, sunan wa?"

Ta sa hannu. Aka ɗora gidan a kan babbar mota, ta bi shi da ido har ya sha kwana.

Da lokacin zafi ya shigo aka buɗe ƙauyen, Ozélie ta goge rigarta ta zuwa coci, ta yanki tikiti kamar kowa. Ta wuce maƙera, ta wuce masu kaɗi, ba ta ko waiga ba. Sai ga gidansu, an gyara shi tsaf, da allo a ƙofa: Gidan Placide Robichaud, masunci.

Sau uku ta karanta. A ciki, wata mata cikin kayan dā tana fere dankali a lungu, bakinta gum. Wani ƙato mai tumbi kuma ya hakimce a kujerar maigida gaban tebur da lofe a baki, yana ba baƙi labarin yadda yake ciyar da 'ya'ya tara da tarunsa. Placide ke nan wai, mutumin da ko kan kifi bai taɓa aiko musu ba!

Rhéal, wanda yanzu ya samu aiki a wurin, ya hango ta, ya taho da sauri.

"Gwaggo, tsarin wurin ke nan, kowane gida sunan maigida ne. Kuma baƙi sun fi son ganin iyali cikakke."

"Ranar da ka kawo takardar, ka san haka?"

Ya tsura wa takalminsa ido. Yaron da ta goya, wanda ta ba labarin nan tun bai iya ɗaura wando ba. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

Ta ratsa baƙi ta tsaya gaban mai lofen.

"Baba, sannu da zuwa. Sai yau?"

Mutumin ya ɗauka tsohuwa ce mai barkwanci. "Ai 'yata, teku ce ta riƙe ni."

"Tashi daga kujerar nan. Babu ita a gidanmu. Mama ta faskara ta da gatari a sanyin shekarar da ka tafi, da ita muka dafa dankalinmu na ƙarshe." Ta nuna matar da ke lungu. "Waccan kuma sunanta Domithilde, kuma ba bebiya ba ce."

Can wani baƙo ya fara tafi, sauran suka ɗauka, har da masu ɗaga waya. Wata ta matso kusa da Rhéal tana murmushi, ta tambaye shi ƙarfe nawa tsohuwar za ta sake yin wasan.