Barcin da Yaya Kande ta yi a hanyar Zungeru

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Yaya Kande ya san ba a tashi sai ta gama shiri. Ta ɗaure ciki tamau da tsohon ɗankwali, ta shimfiɗa jarida a kujera ta zauna a kai, tsinken ashana a baki, lemun tsami a hanci. Wai maganin aman mota ke nan, kuma ita ta san shi duk faɗin Minna. Ni Ladi, ƙanwarta ciki ɗaya, shekara sittin ina shiga mota ba wanda ya taɓa ganin ko yawuna. Ita kuwa da duk wannan shirin, kafin a fita gari ta cika leda.

Amma ba ta taɓa yarda maganin ne bai yi ba. Wata rana za mu Chanchaga gaisuwa, nan da nan fa, sai ga shi ta yi a gefen babbar rigar wani bawan Allah. Ta goge baki ta ce, "Direba, man da ka sha yau gauraye ne."

Direba ya ce, "Mama, mutum goma ne a motar nan."

Ta ce, "Su hancinsu ya mutu."

Ta juya wajen mai rigar, maimakon haƙuri sai ta miƙa masa tsinken ashana. "Riƙe a baki, ɗana, na ga kai ma idonka ya fara juyawa." Mutumin nan ya karɓa, wallahi, har da godiya.

Ɗana Sani ya taɓa sayo mata ƙwaya a kemis, ya ce guda ɗaya kafin tafiya, sai dai tana sa barci. Ta riƙe ta da yatsa biyu kamar ta kama kyankyaso.

"In yi barci a mota? In farka a Kwantagora ba jaka ba takalmi? Kai wa uwarka, ita ce mai son kayan Turawa."

Na karɓa na ajiye. Da ma na zubar.

Kun san Yaya ba ta haihu ba, ita ta riƙe Hadiza, 'yata ta fari, tun daga yaye har aure. Da aka sa ranar kai amarya Zungeru, wata guda tana shirya abin da za ta faɗa wa dangin miji idan ta damƙa musu yarinyar. Tana tankaɗe tana bitarsa, tana wanki tana bitarsa. Ni kuwa abu ɗaya ke cina: surukai sun aiko da mota mai sanyi, ga mu cikin anko, ga Yaya da ledarta. Na ce ba za a yi da mu a Zungeru ba.

Da safe na daka ƙwayar nan na zuba mata a kunu. Sani ya ce ɗaya. Na sa biyu, don na san taurin kanta.

Ta sha, ta ce kunun ya yi ɗaci, gasarar ta kwana. Ta hau jaridarta. Kafin mu wuce Maikunkele ta fara minshari, ashana na rawa a leɓenta, mata suna ta dariya, ni ma da ni.

Mun isa, Yaya ba ta tashi ba. Muka girgiza ta, muka shafa mata ruwa, ta buɗe ido ɗaya ta ce a rufe kaji, ta koma. Aka kwantar da ita a ɗakin maƙwabta. Gwaggon ango ta ce, "Ina uwar riƙo?" Hadiza na cikin mayafi tana waige. Sai na miƙe na yi jawabin da kaina. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau, an yaba, na ji daɗi a lokacin.

A hanyar dawowa ta farka, daidai Maikunkele kuma. Ta taɓa ledarta, ta ji wayam.

"Ladi, kin ga aikin ashana? Ko ɗigo. Saura nisa mu isa?"

Ta dubi inda Hadiza ta zauna da safe, ta ga kwanukan da aka ba mu tukuici. Nan ta gane an kai amarya, gida muke komawa.

Shekara shida ta yi bayan nan tana cewa, "Ni ce uwar da ta yi barci ranar kai 'yarta." Da Hadiza ta zo wankan haihuwa, a gabana Yaya ta riƙe hannunta tana neman gafara, wai tsufa ne ya ci amanarta. Ina zaune ina tsince shinkafa. Na ce a raina gobe zan faɗa mata. Haka na yi ta cewa gobe har daminar bara da ta rasu.

Hadiza, yau kin ji. Yaya ba ta yi miki sakaci ba, ni ce.

Allah ya jiƙan Yaya Kande, ya haskaka kabarinta, ya ba ta ladan riƙon da ta yi. Ni kuma ya sa ta yafe mini ranar da za mu haɗu.