Manyan Baƙaƙen Maman Sito

A siton magunguna na asibitin da na yi aiki akwai wata mata da muke kira Maman Sito. Mijinta ne akawun wurin kafin ita. A hannunsa aka fara kunna tsohuwar kwamfutar nan mai baƙin allo da koren rubutu, wadda ke fitar da rahoton magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Da idonsa ya yi rauni sai ya saita rahoton ya riƙa fitowa da manyan baƙaƙe. Da ya rasu aka ba ta kujerarsa, saboda yara.

Manhajar tana da wata cuta. Ko ka mayar da saitin kan ƙananan baƙaƙe ka adana, da injin bugawa ya fara ƙara sai takarda ta fito da manya, irin na marigayi. Tun tana gyarawa kowace safiya har ta haƙura.

Wata rana na ce mata, "Malam dai ya ƙi yin ritaya."

Ta ce, "Rabu da shi, Yaya. Da ransa ma ba ya jin magana."

Shekaru suka tura. Na lura sai ta kai kwalba dab da hanci kafin ta karanta. Na rufa mata asiri, domin idan shugaban sashe ya gano, aikin ya tafi, ga autarta tana makaranta. Rahoton nan kaɗai take iya karantawa da kanta.

Sai aka turo mai gyaran kwamfuta. Da rana tsaka ya zauna ƙarƙashin fanka, ya ce fayil ɗin saitin ne ya lalace. Ya goge shi kakaf, ya sa sabo, ya buga gwaji. Baƙaƙe ƙanana kamar tururuwa. Ta karɓi takardar ta yi godiya, tana riƙe da ita a juye, ba ta sani ba.

Washegari ina tsaye ta danna maɓalli. Injin ya ja takarda. Baƙaƙen suka fito manya, har sun fi na da, daidai idonta na yanzu. Na leƙa allon. Saitin yana kan ƙanana.

Ta shafa takardar, ta ce a hankali, "Sannu da aiki, Malam."

Da su ta ci gaba har autar ta gama karatu. Kowace shekara suna ƙara girma kaɗan.